Yadda ake maganin dishi-dishin hoton tsuntsaye da furanni idan dogon lensi yana hannu

Duk wanda ya sayi dogon lensi irin 70-300mm ko 150-600mm, ya fita ɗaukar tsuntsaye da furanni yana riƙe da kyamara a hannu, sai ya haɗu da wannan matsala: a bayan kyamara hoton ya yi kyau, da an buɗe shi a kwamfuta sai a ga gashin tsuntsun ya cakuɗe, idonsa ya dushe, gefen furen ya narke. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne lensin ne ba shi da kyau, a sayar a sayo wani. Ina roƙonka ka dakata tukuna. Dishi-dishi ba iri ɗaya ba ne, kowanne da sanadinsa da maganinsa, kuma hoton da ya lalace shi da kansa zai nuna maka abin da ya same shi idan ka san inda za ka duba. Yawancin waɗanda nake gani a hannun masu koyo, saurin shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara wajen ɗaukar hoto, shi ne ya yi ƙasa, gyaransa kuma ba ya cin ko kwabo.

Kayan da za ka tanada

- Kyamararka da lensin da ke ba ka matsala, da murfin inuwa na bakin lensi idan kana da shi.
- Hotuna goma zuwa ashirin daga cikin waɗanda suka lalace. Kada ka goge su, da su za mu fara aiki.
- Kwamfuta, da manhajar da ke nuna bayanan hoto. NX Studio ta Nikon da Digital Photo Professional ta Canon kyauta ne, kuma suna nuna inda ɗigon fokas ya sauka, wato wurin da kyamara ta saita ya fito tar. Idan babu kwamfuta, allon kyamara ya isa, muddin za ka zuƙo hoton har ƙarshe.
- Mariƙin kyamara mai ƙafa uku, don gwaji kawai. Idan babu, ka ɗura wake ko shinkafa mudu ɗaya a jakar yadi ka ɗaure bakinta.
- Shafin jarida mai ƙananan rubutu, da rula, da salatif.
- Robar busa ƙura da ƙyallen goge gilashi.

Mataki na 1: Ka karanta hoton da ya lalace

Ka buɗe hoton, ka zuƙo shi zuwa 100%, ka bi shi kusurwa-kusurwa kana neman abu ɗaya: shin akwai wani wuri, ko da ƙarami ne, da ya fito tar?

Idan babu ko ɗaya, kuma ka ga gefen komai ya ninku biyu ko ya ja zuwa ɓangare guda, tsuntsu da reshe da ganye duka, to hannunka ne ya girgiza. Idan reshen da tsuntsun ke kai ya fito tar, ƙafafunsa ma haka, amma kansa ko fukafukinsa sun shafe, tsuntsun ne ya motsa. Idan ganyen da ke bayansa ko ƙayar da ke gabansa ce ta fito tar, shi kuma ya dushe, fokas ne ya sauka inda ba a aike shi ba. Idan bindinsa ya fito amma idonsa bai fito ba, ko gefen fure ɗaya ya fito sauran sun narke, zurfin fokas, wato faɗin yankin da ke fitowa tar, shi ne ya yi siriri. Idan kuwa duk hoton ya yi laushi, babu ninki, layukan da ya kamata su miƙe sun ɗan lanƙwashe, musamman abin da ke nesa, to iskar da ke tsakaninku ce, ko datti a gilashi, ko shi lensin kansa.

Daga nan ka duba bayanan hoton ka rubuta lambobi huɗu: tsawon lensi, saurin shota, lambar f (girman ƙofar haske ta lensi; idan lambar ta ƙaru, ƙofar tana ƙanƙancewa), da ISO (gwargwadon yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske). Ka yi wa dukan hotunan haka. Kafin ka kai na goma za ka ga lambar da ke ta maimaita kanta, galibi 1/125 ko 1/200 a 300mm.

Gargaɗi: idan ka fara gyara, abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. Wanda ya sauya shota da fokas da ISO gaba ɗaya, ko hoton ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

Mataki na 2: Ka ɗaga saurin shota

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Dogon lensi ba tsuntsu kaɗai yake kusanto maka ba, har rawar hannunka yake ninkawa. Ka tuna doguwar gorar da ake kaɗo mangwaro da ita: ɗan motsin wuyan hannu a ƙasa, can sama bakinta ya yi lilo taku guda. Maganin shi ne a rage lokacin da shota take a buɗe, har motsin ya rasa damar shiga hoton.

Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce lambar ƙasan saurin shota kada ta gaza tsawon lensi: 300mm yana son 1/300 ko sama. Amma an yi wannan lissafi ne don kyamara mai cikakkiyar sensa, sensa kuwa ita ce farantin cikin kyamara da ke karɓar hoto. Idan taka mai ƙaramar sensa ce irin APS-C, sai ka ninka tsawon lensin da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, ko da 1.6 a Canon. A Olympus da Panasonic masu sensar Micro Four Thirds, ninki biyu ne. Ke nan 300mm a Nikon D5600 daidai yake da 450mm, a Canon 2000D kuma 480mm, mafi ƙarancin shotarka 1/500. Ni a nawa ganin ko wannan bai isa ba a kyamarorin yanzu masu megafiksel 24 zuwa sama, domin suna tona ƙaramar girgizar da fim na zamanin baya bai nuna ba. Ka ninka shi kuma: 1/1000.

Wannan lissafin hannunka ne kaɗai. Tsuntsu ma yana da nasa. Ga inda nake farawa:

- Babban tsuntsu a tsaye cik, irin zalɓe a bakin ruwa ko shamuwa a kan bishiya: 1/500 zuwa 1/800.
- Kurciya ko hazbiya tana tsince-tsince a ƙasa: 1/1000.
- Ƙananan tsuntsaye marasa zama wuri ɗaya, irin baiwar Allah: 1/1250 zuwa 1/1600. Kansu yana juyawa ko da jikinsu bai motsa ba.
- Balbela ko shirwa a sama: 1/2000.
- Ƙaramin tsuntsu yana tashi, ko tsattsewa: 1/3200 ko sama.
- Fure da iska ke kaɗawa: 1/500 zuwa 1/1000.

Don ka mallaki wannan lamba, ka fita daga Auto da P. Su biyun suna son rage ISO, sai su bar shota ta faɗi ba tare da sun sanar da kai ba. Ka juya zuwa S a Nikon da Sony, ko Tv a Canon, inda kai ne ke zaɓar saurin shota. Hanyar da na fi so ita ce M tare da Auto ISO: kai ka zaɓi shota, ka zaɓi lambar f, kyamara ta riƙa daidaita ISO gwargwadon haske. Idan ka fi sabawa da A ko Av, inda kai ke zaɓar lambar f, ka nemi inda ake sa mafi ƙarancin saurin shota a cikin saitin Auto ISO, idan kyamararka tana da shi.

Mataki na 3: Ka daina tsoron ISO

Da ka ɗaga shota hoton zai nemi yin duhu, sai an biya da wani abu. A cikin rana tsaka, a fili, ISO 400 da f/8 suna ba ka kusan 1/1600, babu damuwa. Amma tsuntsaye ba sa zama a fili da rana, inuwa suke shiga. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro haske yana iya raguwa ninki takwas, wato wannan 1/1600 ta koma 1/200. Kai idonka ba ya lura, domin yana sabawa da inuwa nan take. Don ka dawo 1/800 sai ka kai ISO 1600.

Masu koyo da yawa an tsorata su cewa ISO mai yawa yana kawo yashi-yashi a hoto, sai su kafe a 100 ko 200. Yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta. Lightroom da DxO PureRAW suna yin aikin da kyau, darktable da RawTherapee kuma kyauta ne. Hoton da ya girgiza babu manhajar da za ta dawo da gashin da bai shiga ba tun farko. Ka bar iyakar Auto ISO a 3200 idan kyamararka tsohuwa ce, 6400 idan sabuwa ce.

Abu biyu za ka kiyaye. Idan JPEG kake ɗauka, ka rage ƙarfin goge yashi-yashi na cikin kyamara zuwa Low, domin idan ya yi ƙarfi yakan goge siraran gashin tsuntsu tare da yashin, hoton ya fito sumul ba tsari. RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ya fi, idan katinka zai ɗauka. Na biyu, kada ka ɗauki hoto da duhu da niyyar haskaka shi daga baya; nan ne yashi-yashi ya fi muni.

Mataki na 4: Riƙo

Hannun hagu ƙarƙashin lensi yake zama, tafin yana kallon sama, can gaba inda nauyin ya daidaita. Ba gefen kyamara ake riƙewa da shi ba. Hannun dama riƙo mai sauƙi. Idan ka damƙe da ƙarfi tsoka rawa take yi. Gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari, ƙafar hagu gaba kaɗan, ka kuma danna tagar leƙe a girarka sosai, ta zama madogara ta uku. Ɗauka da allon baya, hannu a miƙe, shi ne mafi munin riƙo ga dogon lensi.

Ka fitar da numfashi rabi, ka dakata, sannan ka mirgina yatsa a kan maɓalli a hankali. Kada ka caka shi. Kada kuma ka sauke kyamara da zarar ka ji ƙarar shota, ka ƙara daƙiƙa guda tana fuskarka.

Ka sa kyamara a ɗauka a jere, ka riƙa sakin uku zuwa biyar a lokaci guda. Na farko yakan ɗauki girgizar dannawa, na biyu ko na uku su ne sukan fito. Wannan dabara ita kaɗai tana ceto hotuna masu yawa.

Duk inda ka ga abin jingina, ka jingina: gindin bishiya, katanga, darni. Zama a ƙasa da gwiwoyin hannu a kan gwiwoyin ƙafa ya fi tsayuwa nesa ba kusa ba, kuma yana kawo ka daidai da idon tsuntsun da ke ƙasa. A mota, ka kashe injin tukuna, ka ɗora jakar waken nan a kan taga. Idan ba ka da mariƙi mai ƙafa ɗaya, sanda mai cokali a kai tana yin aikinsa. Akwai kuma dabarar igiya: ka sami ƙusa mai zare daidai da ramin da ke gindin kyamara, ka ɗaura mata igiya mai tsawonka, ka taka ƙarshen igiyar, ka ja kyamara sama har igiyar ta miƙe. Jan nan yana kashe lilon sama da ƙasa.

Gajiya ma sanadi ce. Sigma 150-600mm Contemporary ya kusa kilo 2, Nikon 200-500mm ya haura kilo 2. Kada ka tsaya da shi a ɗage kana jiran tsuntsu ya juyo. Ka sauke, ka ɗaga idan lokaci ya yi.

Mataki na 5: Mai rage girgiza

Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony, OS a Sigma, VC a Tamron. Ka fara tabbatar da cewa lensinka yana da shi. Canon EF 75-300mm f/4-5.6 III, wanda ake yawan haɗawa da kyamara a sayar, ba shi da shi sam, Nikon AF-P 70-300mm DX kuma iri biyu ne, mai VR da marar VR. Idan naka ba shi da shi, kada ka sauka ƙasa da 1/1000 a ƙarshen zum.

Idan yana da shi, ka danna maɓalli rabi ka ba shi kamar daƙiƙa guda, za ka ga hoton ya natsu a tagar leƙe, sannan ka ƙarasa dannawa. Idan lensin yana da lamba 1 da 2, ta 1 don abin da ke tsaye ce, ta 2 don bin tsuntsu mai wucewa a kwance. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka cewa tunda akwai shi, 1/100 ta isa. Hannunka kaɗai yake riƙewa, ba ya riƙe kan tsuntsu, ba ya tsayar da iskar da ke kaɗa fure.

Mataki na 6: Ka ƙwace fokas daga hannun kyamara

Idan ka bar kyamara ta zaɓi ɗigon fokas da kanta, abin da ya fi kusa ko ya fi fitowa fili take kamawa, a cikin bishiya kuwa wannan reshe ne ko ganye. Ka zaɓi ɗigo ɗaya, ka ɗora shi a kan idon tsuntsun. Idan idon ya yi ƙanƙanta, ka ɗora a kai ko wuya. A kyamarori masu madubi a ciki (DSLR) na masu farawa, ɗigon tsakiya ya fi sauran kaifi, musamman da lensin da ke ƙarewa a f/5.6 ko f/6.3, ka yi amfani da shi, ka gyara zaman hoton da yanka daga baya. Ga tsuntsu a sararin sama, inda babu abin da zai ruɗa ta, rukunin ɗigo ya fi ɗaya sauƙin bi.

Sannan ka koma fokas mai bi: AF-C a Nikon da Sony, AI Servo ko Servo a Canon. AF-S da One Shot suna kulle nisa ne da zarar ka danna rabi, tsuntsun ya matsa taku ɗaya, ko kai ka ɗan yi gaba, shi ke nan an wuce wurin. Idan kyamararka marar madubi ce mai gane idon tsuntsu, irin Canon R7 ko OM-1 ko Nikon Z8, ka kunna shi, amma ka san cewa a cikin ƙaya da ganye shi ma yakan ɓata, ka tanadi maɓallin komawa ɗigo ɗaya.

Wasu lensuna suna da maɓallin taƙaita nisa a jikinsu, an rubuta Full da wata tazara, misali daga mita 10 zuwa can. Yana hana lensi kai-komo wajen neman fokas. Sai dai idan ka manta shi a kan nesa, tsuntsu ya sauka mita 5 daga gare ka, ba zai taɓa kamawa ba. Ka kuma duba 'yar ƙaramar tayar da ke gefen tagar leƙe. Ita don daidaita idonka ce, ba ta taɓa hoton, amma idan ta goce za ka riƙa ganin komai garara-garara, ka kasa gane ko fokas ya zauna. Ka juya ta har lambobin da ke cikin tagar su fito tar.

Mataki na 7: Furanni suna da tasu matsalar daban

Mutum yakan yi mamaki: fure ba ya tashi, me ya sa shi ma ba ya fitowa? Dalili na farko shi ne kusanci. Kowane lensi yana da iyakar kusancin da yake iya fokas. Canon 75-300mm mita 1.5 ne, Canon EF-S 55-250mm STM santimita 85, Nikon 200-500mm mita 2.2, Sigma 150-600mm Contemporary mita 2.8. Ana auna wannan daga sensa, inda aka zana da'ira da layi ya ratsa ta a saman kyamara, ba daga bakin lensi ba. Idan ka shige iyakar, a AF-C kyamara da yawa za su ɗauka duk da haka, su ba ka hoto marar fokas. Ka ja da baya taku biyu.

Dalili na biyu shi ne zurfin fokas, wato faɗin yankin da ke fitowa tar gaba da bayan inda ka saita. A 300mm da f/5.6 a kyamarar APS-C, idan abin yana mita 10, zurfin kusan santimita 24 ne. A mita 5 ya koma kusan 6. A mita 3, santimita 2. A mita 2, bai kai santimita 1 ba. Furen kuɓewa ko na kariya ya fi haka zurfi daga baki zuwa ciki, kuma jikin mutum a tsaye yana lilo gaba da baya fiye da santimita guda ko bai sani ba. Ke nan kana iya saita fokas daidai, numfashinka ya fitar da kai.

Abin yi: ka rufe ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11. Ka tsaya ta yadda fuskar furen za ta kalli lensi sak, ba a karkace ba, don yawancinta ta faɗa cikin siririn yankin nan. Ka zaɓi abin da kake so ya fito, galibi tsakiyar furen ko gefen da ya fi kusa da kai, ka ɗora ɗigo a kansa. Ka durƙusa ko ka zauna, ka bar AF-C a kunne, ka saki a jere. Kada ka zarce zuwa f/22 da tunanin ƙarin zurfi: daga f/16 zuwa sama ƙofar ta yi ƙanƙanta har haske yana bazuwa, duk hoton ya yi laushi, shota kuma ta faɗi.

Iska ta fi kwanciya da sassafe, lokacin ne na furanni. Idan tana kaɗawa, ka lura za ka ga tana zuwa tana ɗaukewa; ka saita komai ka jira lafawarta. Wani ya tsaya ta ɓangaren da take fitowa da kwali ko lema, ko ka kafa tsinke ka ɗaure karan furen a ƙasa inda ba zai shiga hoto ba.

Akwai wani abu mai kama da dishi-dishi alhali ba shi ba ne. Jan fure ko rawaya a cikin rana mai ƙarfi yakan cika launi har jijiyoyin jikinsa su ɓace, ya zama dunƙulen ja kawai. Haka farin furen bado da farin gashin balbela suke ƙonewa. Ka rage haske da maɓallin +/- zuwa -0.7, ko ka ɗauka a inuwa ko lokacin da gajimare ya rufe rana.

Mataki na 8: Nisa, zafi da hazo

Wannan ya shafe mu fiye da masu hoto na ƙasashen sanyi. A bazara, daga hantsi, ƙasa da kwalta da rufin kwano suna tura zazzafar iska sama, ita ce kawalwainiyar da kake gani tana rawa a kan titi. Dogon lensi ta cikinta yake kallo, kuma babu saitin da ke gyara ta; lensin miliyoyi ma haka zai fito. Alamarta ita ce hotuna biyu a jere, saiti ɗaya, kowanne da inda ya lanƙwashe. Ta fi tsanani kusa da ƙasa da kan fili mai yashi. A hunturu kuma ƙurar hazo tana cinye kaifin launi, tsuntsun da ke nesa ya fito fari-fari. Masu zuwa dausayin Hadejia da Nguru don tsuntsayen da ke zuwa daga Turai a wannan lokaci ne suke zuwa, saboda haka dole su yi lissafi da ita.

Magani biyu ne: ka fita daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar, sannan ka rage tazara. Tsuntsun da ya cika kashi ɗaya cikin ashirin na hoto, in ka yanko shi ka faɗaɗa, dole ya dushe, domin ɗigon da suka zana shi kaɗan ne. Bin tsuntsu kuwa korarsa ne. Ka zauna shiru kusa da inda yake zuwa, da tufafi marasa ƙyalli, rana a bayanka. A rani, kaskon ruwa a inuwar tsakar gida, da reshe a kafe kusa da shi, zai kawo maka kurciya da ƙananan tsuntsaye mita 4 ko 5 daga inda kake zaune, kuma nan ne wurin koyo mafi kyau. Sheƙa dai a bar ta. Uwar da aka firgita tana iya barin ƙwai a rana.

Kada ka ɗauka ta cikin gilashin taga ko na mota. Idan ka fito da kyamara daga ɗaki ko mota mai sanyin AC zuwa danshin damina, gilashin yakan yi raɓa. Ka bar ta cikin jaka ta ɗan ɗumama kafin ka buɗe. Masu ɗauka da waya kuma su tsaya a lambar zum ɗin da wayar ke da lensinta, kamar 3x ko 5x. Abin da ya wuce nan yanka ne da faɗaɗawa, kuma a ƙarancin haske wayoyi da yawa sukan koma babban lensi su yanko ba tare da sun nuna ba.

Mataki na 9: Yanzu ne za a gwada lensin

Idan ka bi duk waɗannan hoton bai gyaru ba, sai a tuhumi kayan aiki. Ka cire duk wata filta da ke bakin lensi; filtar UV mai araha tana ɓata dogon lensi fiye da gajere. Ka cire gilashin ƙara tsawo da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, idan ka sa. Ka busa ƙura tukuna kafin ka goge, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka murza ta da gefen riga. Ka haska tocila ta bayan lensin ka leƙa: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma farin zare-zare mai yaɗuwa ko hazo a ciki fumfuna ce, sai mai gyara.

Ka manna jarida a bango a waje, inda haske yake sosai, da safe. Ka ɗora kyamara a mariƙi ko jakar wake, tazarar mita 8 zuwa 10, tana kallon bangon sak. Ka kashe mai rage girgiza, ISO 100 ko 200, ka sa agogon jinkiri na daƙiƙa 10 don kada hannunka ya taɓa ta. Ka ɗauka a ƙarshen zum da ƙofa a buɗe duka, sannan f/8, sannan f/11. Ka ɗan rage zum, misali daga 300mm zuwa 250mm, ka maimaita.

Idan rubutun ya fito tar, lensinka lafiya lau, ka koma mataki na 2 da na 4. Idan ya yi laushi a f/5.6 amma ya gyaru a f/8, wannan halin yawancin lensunan zum masu sauƙin kuɗi ne. Ka riƙa aiki a f/8, ka biya da ISO. Haka idan 250mm ya fi 300mm kaifi, ka tsaya a nan ka matso.

Ga masu kyamara mai madubi akwai gwaji ɗaya da ya rage. Ka ɗauki hoto biyu, ɗaya da fokas ta allon baya, ɗaya ta tagar leƙe. Idan na allo ya fito tar na taga bai fito ba, fokas ɗin tagar ya goce gaba ko baya. Don sanin ɓangaren, ka manna jaridar a jikin kwali, ka jingina rula a karkace a gefensa, rabinta gaba da fuskar jaridar rabi baya, ka yi fokas a kan jaridar, ka ga lambobin rular da suka fi fitowa. Ana gyara wannan a menu, AF Fine Tune a Nikon, AF Microadjustment a Canon. Ƙananan kyamarori irin Nikon D3500 da D5600 da Canon 2000D ba su da wannan saiti. Idan irinsu ce a hannunka, sai ka kai kyamara da lensin tare wurin mai gyara, kafin nan kuma ka riƙa ɗauka a f/8 don zurfin ya rufe gociyar. Kyamara marar madubi a kan sensa take yin fokas, saboda haka da wuya ta sami wannan matsala.

Idan kuwa gefe ɗaya na jaridar ya fito, ɗayan ya dushe a kowace lambar f, alhali ka tabbatar kyamara tana kallon bangon sak, wani gilashi ne ya goce a cikin lensin, galibi bayan faɗuwa. Ka juya kyamara a kife ka sake ɗauka: idan dushewar ta koma ɗaya gefen jaridar, daga lensin ne, ka kai shi gyara tare da hotunan gwajin don mai gyaran ya ga abin da kake nufi.